Aibi Shida a Wasiƙar Shaida

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun ba ni sito. Shekara talatin da shida ina koyar da Ibrananci a makarantar tauhidin nan, yau aka miƙo mini makulli mai igiya, aka ce in tantance littattafan da mutane suke kawo wa laburare kyauta. Ba a ce kora ba ce. An ce hutu ne daga aji, har kwamiti ya zauna kan maganar ranar Laraba. Ba zan rubuta maganar Laraba a nan ba. Waɗanda suke ɗakin taron sun ji, waɗanda ba sa nan ma sun ji.

Kwali arba'in da ɗaya. Taga ɗaya, ba ta buɗuwa. Fanka tana juyi kamar roƙonta aka yi. Yawancin littattafan na fastocin da suka rasu ne. 'Ya'yansu ba sa so, ba sa kuma son a ce sun zubar.

Ba abin da ya dame ni.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Meyasa ta zo. Ɗalibata ce tun shekararta ta farko, yanzu ƙaramar malama ce a nan, ita aka ba ajina na wucin gadi. Ni na laƙa mata sunan, don ban taɓa gama bayani ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa?" Sunan ya bi ta, har mijinta haka yake kiranta.

Ta duba ba kujera, ta zauna kan kwali.

"Malam, zan nemi karatun digiri na uku."

"Allah ya taimaka."

"Kai nake so ka rubuta mini wasiƙar shaida."

Jami'ar tana nesa. Mutum uku suke ɗauka a shekara, su ɗauke musu nauyin komai, amma ba sa karɓar wanda ya wuce talatin da biyar. Ita tana talatin da biyar ɗin. In ya wuce ta bana, ya wuce ke nan. Suna son sakamakon karatunta, da tsarin binciken da za ta yi, da samfurin rubutunta shafi ashirin, da shaidar fastonta, da wasiƙar malamin da ya san ta a aji. Duk ta haɗa, saura tawa. Za a rufe ranar Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana.

Na ce, "Je ki wurin Shugaba mana. Shi ne Dokta. Ni yanzu mai gadin kwali ne."

"Shugaba bai taɓa mayar mini da takarda sau bakwai ba."

"Sau takwas."

"Ka gani, Malam? Ni har na yafe ɗaya, kai ba ka yafe ba."

Ta bar mini kwafin tsarin binciken ta tafi aji. Ajina.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Mako guda ke nan da maganar Laraba. Maiɗakina ta ce ko ba komai kofin da na fasa a ɗakin taron ai ba nawa ba ne, in saya musu wani. Na ce to.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na karanta tsarin binciken sau biyu. A kan makokin mata ne cikin nassosin annabawa: wa ke kukan, wa ya rubuta shi, me ya sa masu fassara suke sassauta shi in sun zo juyawa. Na nemi inda zan sa jan biro, wuri huɗu na samu, biyu daga ciki don kada hannuna ya dawo banza ne. A shekara talatin da shida ban ga irinta ba. Wannan ba zan faɗa mata ba.

Ni ma na taɓa cika irin fom ɗin nan, shekara talatin da huɗu da suka wuce. Ni da Dogo, wanda yanzu ake ce wa Shugaba. Ni ne na ɗaya a ajinmu, shi na tara. Shi aka ɗauka. Kawunsa ne sakataren ikilisiya a lokacin, kuma shaidar ikilisiya ta hannun kawun take bi. Ba sai wani ya yi mini bayani ba.

Kwali shida na gama. Ƙamus iri ɗaya guda goma sha ɗaya, ba wanda aka buɗe ya wuce shafi na talatin.

Lahadi, 9 ga wata, bayan sujada

Dogo ya yi wa'azi minti hamsin kan yafe wa juna. Bai dubi layinmu ko sau ɗaya ba, shi ya sa kowa ya dube mu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na rubuta wasiƙar. Shafi biyu, da hannu, yadda Tsoho ya koya mana.

Tsoho shi ne malamin da ya kafa sashenmu, shi ya koyar da ni da Dogo, shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. Yakan ce tura ɗalibi wurin wani malami kamar likita ne ya tura majinyaci wurin ɗan'uwansa likita. Ba lafiyarsa ake rubutawa ba, ciwonsa ake rubutawa, don wanda zai karɓe shi ya san ta inda zai fara. Yabo kuwa, a cewarsa, na wanda ba ka tsaya ka duba ba ne. Mu da muka zauna gabansa duk haka muka sani: in ka ga Tsoho ya ɓata yini yana jera aibinka, to ya ɗauke ka mutum.

Na jera mata biyar. Tana gardama kafin malami ya kai aya. Helenancinta, wato Girkanci, bai kamo ƙafar Ibranancinta ba. Wani lokaci tana son nassi ya faɗi abin da ke ranta. Ba ta san lokacin da rubutu ya gama ba. Ba ta iya cewa a'a in an ɗora mata aiki, ga yara biyu a gida. Kowanne na kawo misalinsa da shekarar da ya faru. Ban taɓa ɓata lokaci haka kan wani ɗalibi ba.

Yanzu ba a kai ambulan gidan waya. Sai an buga a takardar makaranta, a sa hatimi, a tura ta intanet. Na kai wa Sakatariya. Shekara goma sha tara tana buga mini takardu, ita kaɗai ke iya karanta rubutuna.

Talata, 11 ga wata, da rana

Sakatariya ta ce intanet ya ƙi.

Alhamis, 13 ga wata, da rana

Sakatariya ta ce intanet ya dawo, amma hatimi yana aljihun teburin Shugaba, ya kuma kulle. Na ce ta karɓo. Ta ce tun maganar Laraba duk takarda mai sunana sai ya gani da idonsa.

Meyasa ta leƙo, ta gaishe ni, ta yi maganar zafin sito, ta yi maganar fanka, ba ta yi maganar wasiƙa ba. Na ce, "Tana hanya." Ta ce, "Ai ban tambaya ba, Malam." Karo na farko ke nan a rayuwarta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na je ofis da kaina. Wasiƙar tana ƙarƙashin allon buga rubutu, ko layi ɗaya ba a buga ba.

Sakatariya ta tura ƙofa ta rufe, ta cire tabarau.

"Malam, tsakaninka da Allah, baiwar Allah nan me ta yi maka?"

"Kamar yaya?"

"Ko don an ba ta ajinka ne?"

Na dubi wasiƙar. A ranar Laraba ma ba wanda ya faɗa mini maganar da ta kai wannan.

Na ce, "Haka ake rubuta shaida."

"Haka ake rubuta takardar kora. Ina buga ta Shugaba, ina buga ta sauran malamai. Kowa ɗalibinsa haziƙi ne, ko da kuwa sunansa yake rubutawa da kuskure. Kai kaɗai ne naka suke fitowa kamar an kamo su da kayan sata."

"Waɗanda za su karanta malamai ne. Sun san bambancin wanda aka duba da wanda aka shafa wa mai."

"To, Allah ya sa."

Na ce ta buga yadda take, ko waƙafi kada ta taɓa. Ta ce Litinin. Ta mayar da tabarau, ba ta ce mini sai an jima ba.

Asabar, 15 ga wata

Ban fita ba. Ba abin da ya dame ni.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwali na ashirin da tara ba littattafai ba ne. Takardun Tsoho ne. 'Yarsa ce ta kawo bara, ba wanda ya buɗe. Na gane tun daga warin, da yadda yake ɗaure fayil da zare.

Akwai fayil ɗaya da ya rubuta "Shaidu" a bayansa. Kwafin duk wasiƙar da ya taɓa rubuta wa ɗalibi, da tafireta, a takarda mai laushi irin ta da.

Ta Dogo layi uku ce. Saurayi ne mai ladabi, mai himma, zai amfani ikilisiya, ina ba da shaidarsa ba tare da shakka ba.

Tawa shafi biyu. Aibi shida. Girman kai. Kaifin baki. Rashin haƙuri da mai jinkirin fahimta. Son a san ya sani. Riƙo. Na shida: in ya rubuta abu ba ya komawa ya gyara. Kowanne da misalinsa da shekarar da ya faru.

A bayanta an maƙala wata takarda da allura, allurar ta yi tsatsa ta ci gefen. Daga shugaban sashen jami'ar take. Gajeriya ce. Ya ce sunana ne a sama cikin duk masu nema, jarrabawar harsuna ba wanda ya kusa da ni, shaidar ikilisiya kuma ba abin cewa. Amma tunda malamin da ya fi kowa sanina ya ga dole ya gargaɗe su har shafi biyu, sun gode, sun ɗauki ɗayan.

Tsoho ya ja layi da fensir ƙarƙashin "gargaɗe". Ba abin da ya rubuta a gefe.

Fayil ɗin daga nan ya ƙare. Na tuna a shekarar ce ya ce idonsa ya yi rauni, ya daina rubuta wa kowa shaida, ya riƙa turo su wurina. Shekara ashirin ya yi bayan haka. Kowace Asabar ina zuwa gaishe shi. Ni na riƙe masa kai a asibiti.

Na cire ta Dogo da tawa da ta jami'ar, na mayar da zaren yadda yake. Sakatariya ba ta zo aiki ba yau, an ce ciwon kai.

Fankar ta tsaya wajen ƙarfe biyu. Ban lura ba sai yanzu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mutum tara na rubuta wa shaidar digiri na uku tun daga lokacin. Uku sun samu. Su ne ukun da na sallama da 'yan layuka don ban ga abin dubawa a tare da su ba. Ina ta cewa duniya ta lalace, jami'o'i sun daina gane mai ilimi.

Shidan: biyu suna fasto a ƙauye. Ɗaya tana koyar da 'yan firamare. Ɗaya yana sayar da taya kusa da tasha, in na wuce har yanzu yana tasowa ya karɓi jakata. Ɗaya ban san inda yake ba. Ɗaya ya rasu.

Maiɗakina ta ce, "Malam, shayin nan sau biyu ina ɗumama shi."

Na miƙa mata takardun Tsoho. Ta karanta a tsaye, a hankali, tana bin layi da yatsa. Da ta gama ta ajiye su kan tebur ta danne da cokali.

"Shekara talatin da huɗu ina gaida matar Dogo da rabin baki saboda kai."

"Na sani."

"Bikin 'yarsu ban je ba."

"Na sani."

"Na biyar ɗin nan kuwa, riƙo, marigayin bai yi ƙarya ba."

Ta ɗauki shayin ta tafi ɗumamawa karo na uku.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tun safe nake kan sabuwar wasiƙa. Ashe ban iya ba. Na san sunan kowane irin kuskure a harshe uku, amma in na zo faɗin alheri sai hannuna ya yi nauyi. Abin da na iya fitarwa zuwa azahar shi ne ba ta da wani babban aibi, kuma tana zuwa aji kan lokaci.

Na kai wa Sakatariya. Ciwon kan ya warke. Ta karanta ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ko tsohon keke za ka sayar ai ka fi haka yabonsa."

"Ba ni da wata."

"Zauna. Ajiye biron nan. Ni zan tambaya, kai ka amsa, ni in buga. Cikin ɗalibanka ta nawa ce?"

"Ta ɗaya."

"Cikin mutum nawa?"

"Sun fi dubu."

"To me ya hana bakinka faɗa? Kuɗi ake biya?"

Haka muka yi awa biyu. Ta tambaye ni abin da Meyasa ta taɓa gani a nassi wanda ni ban gani ba. Na faɗa mata guda ɗaya, sai na ga akwai na biyu, akwai na uku. Na ba ta labarin ranar da ta kama ni da kuskure gaban aji, na kwana biyu ina bincike, na dawo na tarar ita ce da gaskiya. Sakatariya ta ce, "Ka faɗa mata?" Na ce a'a. Ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ta ci gaba da bugawa.

Na so in saka maganar Helenancin. Ta ce layi ɗaya ta yarda, shi ma sai na ƙara da cewa wata shida ya ishe ta ta cike giɓin. Gaskiya ne, wata huɗu ma ya isa.

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan.

Saura hatimi.

Alhamis, 20 ga wata, da rana

Dogo ya tafi taron shugabannin makarantu da makullin a aljihunsa. An ce gobe da safe zai dawo.

Meyasa ta wuce ta gaban sito sau uku. Ba ta shigo ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ya iso sha ɗaya da kwata. Ina zaune a bencin ƙofar ofishinsa tun takwas, inda ɗalibai masu laifi suke zama. Rabona da shiga ofishin nan da ƙafata tun ranar da aka ba shi.

Ya ce, "In maganar kwamiti ce, ba ni kaɗai ba ne."

"Ba ita ba ce. Hatimi nake so."

Na ajiye wasiƙar Meyasa. Kusa da ita na ajiye takardun Tsoho guda uku. Ya fara ɗaukar ta Meyasa, ya karanta, ya juya bayanta ko akwai ci gaba.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni na faɗa."

Sai ya ɗauki na Tsoho. Ya karanta tasa, ya karanta tawa, ya karanta ta jami'ar. Ina kallon agogon bango, sha biyu saura ashirin da biyar. Na zaci zai ce ka gani, ko ya yi maganar kawunsa, wanda na ambaci sunansa ranar Laraba gaban baƙi. Bai yi ba. Ya koma kan tasa, ya daɗe.

"Layi uku," ya ce. "Shekara huɗu ina ɗaukar wa mutumin nan jaka. Layi uku."

"Su suka kai ka."

"Kai shafi biyu. Har shekarar da ka yi kowane abu ya riƙe." Ya ajiye ta. "Ni ko aibina bai sani ba."

Na ce, "Dogo, lokaci."

Rabon da a kira shi haka a ofishin nan ban sani ba. Ya lalubi makullin, aljihu uku ya duba kafin ya samu. Ya buga hatimin, ya sa hannu a gefe.

Ina bakin ƙofa na ce, "Kofin nan..."

"Bar kofin. Je ka."

Sakatariya ta riga ta buɗe shafin tana jira. Intanet ya ƙi, da gaske wannan karon. Ta ce, "Ka ga alhakin ƙaryata." Ta haɗa da wayarta. Sha biyu saura minti tara kwamfuta ta nuna an karɓa.

Na koma sito. Kwali na talatin, littattafan waƙoƙin sujada ne, duk ɓera ya ci gefensu.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jami'ar ta aika wa Meyasa cewa takardunta sun cika, sunanta ya shiga cikin waɗanda za a duba. Amsa sai bayan wata biyu. Kwamiti kuma an ɗage zamansa, ba a sa rana ba.

Ta zo ta zauna kan kwalinta.

"Malam, me ka rubuta?"

"Ba a faɗa. Ƙa'ida ce."

Na ciro ta farkon, shafi biyun nan na hannu, na miƙa mata. Na ce, "Wannan taki ce, ba tasu ba. Ba inda aka tura ta."

Ta karanta. A na biyu ta yi tsaki, a na huɗu ta yi dariya. Da ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Na uku ban yarda ba."

"Koma ki karanta na ɗaya."

"Amma Malam, me ya sa ka..."

"Kina da aji ƙarfe goma da rabi."

Ta ninke ta biyu ta sa cikin ƙamus ɗinta, ba cikin jaka ba. Ta fita tana gunaguni kan na uku.

Da yamma zan bi ta tasha. Akwai maganar da zan yi da mai taya. Ban san ta inda ake farawa ba, kuma Sakatariya ba za ta bi ni can ba.

Takardun Tsoho na mayar cikin fayil, ban da tawa. Na sake bin aibin shidan ɗaya bayan ɗaya, yadda nake bin takardar ɗalibi. Biyar suna nan daram, ba abin da shekara talatin da huɗu ta rage musu. Na shidan na soke shi da jan biro, na sa kwanan wata a gefe.